Shekarar da Wasanni Ya Fi Lissafi Nauyi

Ɗalibai ne suka raɗa masa Sikeli, sunan kuma ya bi shi har gida, har maƙwabta kan aiko yaro ya ce ana sallama da Malam Sikeli, ba su ma san tsokana ba ce. Shi ne mai haɗa sakamakon jarrabawa a wata makarantar sakandare. Ofishinsa ɗan tsukukun ɗaki ne a ƙarshen baranda, inda a da ake ajiye tsintsiya da bokiti. Akwai tebur, akwai kujera ɗaya tak don kada mai roƙo ya sami wurin zama, akwai kabad mai ƙofa ɗaya da rabi, sai fankar da bai taɓa yarda a kunna ba saboda tana watsa masa takardu. A nan yake wuni cikin kwat, yana zufa, kalkuleta a dama, jan biro a hagu.

Ɗan mai shagon kayan gini ne. Ya tashi yana auna wa kafintoci ƙusa, kuma tun bai kai tsayin kanta ba ya lura cewa manyan ƙusoshi goma sun fi ƙanana goma rinjayar sikeli. Kowane yaro ya san wannan, ya kuma wuce wurin. Shi bawan Allah a nan ya tsaya, ya gina rayuwarsa kaf a kai. Ko da ya tashi aure sai da ya zauna ya ba hankali nauyi biyar, haƙuri huɗu, kyau biyu, ya auna 'yan matan da ake yi masa sha'awa. Wadda ta zo ta ɗaya ta sami uku da ɗigo takwas. Da ya yi shiru da shi ke nan, amma sai ya gaya mata dalla-dalla, yana murmushi, a zatonsa yabo ne. Uku cikin biyar da ya ba ta a kyau ita ce ba ta yafe ba. Har yau in suka ɗan saɓa takan ce, "To ai sai ka je ka nemo mai biyar, Malam."

Lokacin da ya kama aiki, makarantar tara maki kawai take yi ta raba da yawan darussa. Yaro ya ci A a zane ya sha ƙasa a lissafi, sai a ga ya zo kunnen doki da wanda ya ci A a lissafi ya sha ƙasa a zane. Wannan abu ya hana Sikeli cin abinci. A taron malamai ya miƙe ya kawo tsarinsa. A maki biyar ce, B huɗu, C uku, D biyu, E ɗaya, F kuwa sai dai a yi wa iyaye jaje. Kowane darasi a ba shi nauyi. A ninka makin yaro da nauyin darasin, a tara duka, a raba da jimillar nauyin. Kowa ya ce madalla, har aka zo kan darasin wa ya fi nauyi. Nan ɗakin ya kaure. Malamin tarihi ya ce ba don shi ba da ba wanda ya san waɗanda suka ƙirƙiro lissafin ma. Malamar Turanci ta ce to da wane harshe ake rubuta tambayoyin? Wani ya jefi wani da dastar goge allo.

Sikeli ne ya raba gardamar. Ya ce a bar wa jadawali hukunci: sau nawa darasi ke shiga aji a mako, nauyinsa ke nan, ba ƙari ba ragi. Lissafi biyar, Turanci biyar, fiziks da kimistiri huɗu-huɗu, tarihi biyu, haka dai har ƙasa. Aka rubuta, kowa ya sa hannu, Sikeli ya kai aka sa masa takardar a firam mai gilashi ya rataye a bayan kujerarsa. Daga ranar, duk uban da ya zo yana a taimaka a duba masa ɗansa, Sikeli ko juyawa ba ya yi. Babban yatsa kawai yake ɗagawa ta kan kafaɗa ya nuna bango.

"Ba hannuna a ciki, Alhaji. Jadawali ne."

Wanda tsarin ya kashe wa kasuwa shi ne malamin wasanni, wani dogo mai sanyin hali da ake kira Usur saboda abin da ke rataye a wuyansa. Sau ɗaya yake fita da kowane aji a mako, don haka nauyinsa ɗaya. Yara kuwa Sikeli ya koya musu lissafin da kyau, sun gane ko F Usur ya ba su ba za ta ji musu ciwo ba. Yana hura usur suna zaune a inuwa suna kallonsa. A ɗakin malamai kujerarsa ce ta bakin ƙofa, shi ake cewa ya ɗan miƙo butar shayi, ya ɗan leƙa ko an kaɗa ƙararrawa. Shekara da shekaru yana haɗiye wannan.

'Ya'yan Sikeli maza duk sun bi ta hannunsa sun fita da uku da 'yan kai, ya rubuta musu ko ƙifta ido bai yi ba. Sai Auta. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake ce mata Uwata, ita kaɗai ce kuma a gidan ke ba shi amsa da ka tun bai gama danna kalkuleta ba. Yarinya ce mai kwance kaya. Ta kwance dutsen guga, ta kwance rediyo, ta taɓa kwance kalkuletar tasa ta mayar har da ragowar sukurori biyu, abin kuma ya ci gaba da aiki. A take ci a komai. Abu ɗaya ne Allah bai ba ta ba, shi ne sauri. Tafiya take yi kamar ta ɗauko ruwa cike da kwano, ko ruwan sama ya tarar da ita a hanya sai dai ta jiƙe.

Burinta ɗaya ne a duniya: wata makarantar kimiyya ta kwana da ke ɗaukar ɗalibai bayan aji uku, wadda ta ji an ce tana da ɗaki guda cike da injunan da ake barin yara su kwance. Makarantar ba ta ko buɗe takardar wanda matsakaicin makinsa na zangon ƙarshe bai kai huɗu da rabi ba. Wannan bai taɓa damun Sikeli ba. Da D ɗinta ta wasanni ma huɗu da ɗigo takwas da wani abu take samu, kuma ya riga ya gaya wa duk wanda ya yi kuskuren tsayawa gaisawa da shi.

A zangon ƙarshen nan ne aka yi wa malamin zane canjin wurin aiki, malamar labarin ƙasa kuma ta tafi hutun haihuwa. Jadawalin aji uku ya sami gurbi biyar a mako ba malami. Mataimakin shugaban makaranta, wanda ke tsara jadawali, mutum ne da ba ya son hayaniya kusa da tagarsa, ajin kuwa yana jikin ofishinsa. Ya ɗauki biro ya rubuta Wasanni a duk guraben, don a kwashe masa su a kai fili. Ba wanda ya tuna da firam.

Zango ya yi nisa kafin Sikeli ya je allon sanarwa kwafar jadawali kamar yadda ya saba. Ya ƙirga wasanni ya ga shida. Ya cire tabarau ya goge da gefen kwat, ya sake ƙirgawa, shida ɗin dai. A tsaye ya yi lissafin Auta. Sauran darussa nauyinsu ashirin, duk A, ɗari ke nan. D sau shida, sha biyu. Ɗari da sha biyu a raba ashirin da shida. Kalkuleta ta ce 4.31. Ya girgiza ta, ya buga ta a tafin hannu, ta nace a kan bakanta. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba a kan takardar ɗan wani.

Ya wuce kai tsaye wurin shugaban makaranta.

"Ranka ya daɗe, kuskure aka yi. Wannan cike gurbi ne, ba darasi ba ne. Wasanni fa! Ya fi lissafi nauyi?"

Shugaban makarantar yana da ɗan ƙanwa da ya taɓa maimaita aji ta dalilin firam ɗin nan, kuma bai manta ba. Ya ce su ƙarasa ofishin Sikeli su yi magana a tsanake. Da suka shiga ya zauna a kujerar, ya bar mai ofishin tsaye. Ya gyara zama, ya ɗaga babban yatsa ta kan kafaɗa.

"Ba hannuna a ciki, Malam."

Kafin a tashi labari ya gama makaranta. Yaran benci na baya, waɗanda ba su taɓa sanin ƙafa na da amfani a karatu ba, suka ɗauki junansu a kafaɗa suna zagaya baranda. Washegari aka tarar malamin lissafi ya matsar da kujerar Usur ƙarƙashin fanka da kansa. Iyaye suka fara tsayar da mota su gai da Usur, har da tambayar iyali. Da ya hura usur sau ɗaya, yara arba'in ke miƙewa. Usur bai yi girman kai ba, sai dai ya sayi sabuwar igiyar rataya usur, ja, ya kuma daina jin an ce a miƙo buta.

Sikeli ya same shi a fili, ya yi ta kewaye-kewaye, ya yabi ciyawa, ya yabi raga, kafin ya fito da abin da ya kawo shi.

"Malam, C kawai. Yarinyar nan tana da ƙoƙari."

"Tana da shi," in ji Usur. "Ban taɓa ganin mai ladabinta ba. Amma jarrabawata zagaye fili ce sau uku. Usur uku nake hurawa. Wanda ya iso kafin na farko A, kafin na biyu B, kafin na uku C. Ita 'yar taka, ina gama hurawa in je in sha ruwa in dawo in same ta a hanya."

"To a ɗan jinkirta na ukun mana."

Usur ya ɗago agogon da ke hannunsa ya nuna masa, fuskarsa ba fushi ba dariya. Sikeli ya gane, ya juya.

A gida ya zaunar da Auta a falo.

"Uwata, C nake roƙonki. Uku sau shida sha takwas, ɗari da sha takwas a raba ashirin da shida…"

"Huɗu da ɗigo biyar da huɗu, Baba."

"To kin gani!"

"Ni na gani, Baba. Ƙafafuna ne ba su gani ba."

Ya fara da abin da ya iya. Ya auna tsawon takunta da tef ɗin ɗinkin mahaifiyarta, ya auna kewayen filin, ya zana mata a bangon tsakar gida da alli yadda za ta ƙara faɗin taku ta rage yawansa. Auta ta gyara masa wani ɗan kuskure a layi na biyu, ta koma ta zauna. Maiɗakinsa tana shanya, ta ce, "Malam, ni dai mai uku da ɗigo takwas ce, amma a sanina ba a koyon gudu a jikin bango."

Dole aka fita titi da yamma. Auta ta ce wallahi ba za ta yi gudu ita kaɗai mutane na kallonta ba. Haka Sikeli, wanda rabonsa da gudu tun yana aiken ƙusa, ya tsuke bel ya bi bayanta cikin kwat da takalmi sau-ciki. Ranar farko mai wanki ya fito da taɓarya yana tambayar ina ɓarawon. Rana ta biyu tela ya fito da benci, ya tara jama'a. Daga nan kullum sai an taru, har ana musu kan wa zai fara tsayawa tsakanin uba da 'ya, kuma galibi masu cewa uba ne ke da gaskiya. Yakan rungume falwaya yana haki, yana ɗaga mata hannu ta ci gaba, ita kuma ta dawo ta tsaya kusa da shi tana dariya har da riƙe ciki.

Bai san tana da irin wannan dariyar ba. A hanyar dawowa suna jan ƙafa ta ba shi labarin ƙawarta mai tsoron kyankyaso, da yadda take son ta haɗa fankar da ba ta watsa takardu, da cewa tun tana ƙarama take zaton sunansa na gaskiya Sikeli. Ya lura duk tsawon rayuwarta hirarsu ba ta wuce nawa kika ci ba, kunya ta kama shi. Ya fara ɗokin yamma ta yi. Wata rana ma ya bar kalkuleta a ofis bai ankara ba sai da safe.

Ranar jarrabawar wasanni filin ya cika, har malamin tarihi ya zo da lema. Usur ya jera 'yan aji uku, ya ba da alama, suka zuba. A zagaye na farko Auta ce ta ƙarshe. A na biyu ta wuce wani yaro da takalminsa ya cire. Sai usur na farko ya tashi, na biyu ya biyo baya, masu A da masu B suka zube a ciyawa suna shan ruwa. Saura rabin fili, sai Sikeli ya ga kanta ya fara langaɓewa, takun ya koma irin na mai ɗauke da kwano. Usur kuwa ya riga ya kai abin hurawarsa kusa da baki, ido a kan agogo.

Sikeli bai san lokacin da ya tsallaka igiyar da aka kewaye filin da ita ba. Sai ga malamin jarrabawa a tsakiyar fili, kwat na tashi a bayansa, yana gudu a gabanta yana waiwaye yana ihu.

"Uku sau shida, Uwata! Uku sau shida! Ɗago ƙafa!"

Ɗalibai suka ɗauka baki ɗaya, suna tafi suna "Uku sau shida!" Auta ta ɗago kai, ta buɗe taku. Shi kuma garin waiwaye takalminsa ya zame a ciyawa, ƙafa ta gurɗe, ya zube rigingine a kan hanyarta daidai. Ya ga sama, ya ga fuskarta ta taho, ya ga ta dube shi ido cikin ido. Sai ya ga ƙasan takalmin kambas ɗinta ya wuce ta kan hancinsa. Tsallake shi ta yi.

Ta taka layi, usur na uku ya tashi a bayanta. Ko numfashi ba ta tsaya ta mayar ba, ta juyo da wani irin gudu da ba wanda ya taɓa ganin ta yi, ɗankwali ya faɗi ba ta waiwaya ba, ta zube a gabansa ta tallabo kansa tana kuka tana "Baba! Baba!" Usur ya iso a baya, yana duban agogo yana girgiza kai.

"Ta sami C. Amma wallahi Malam, da gudun dawowar nan na auna, A ce."

Sikeli ya yunƙura daga kwance, ƙafa na zugi. "A? Biyar sau shida talatin, ɗari da talatin a raba ashirin da shida, biyar cif! Malam, ban taɓa rubuta biyar cif ba tunda na fara aiki. Ai gudu gudu ne, ko ta ina aka nufa!"

"Ba ya cikin jarrabawa."

"Don girman Allah…"

"Baba, yi shiru," in ji Auta, tana share hawaye da bayan hannu. "Ƙafarka ta kumbura."

Targaɗe ne, aka ɗaure, aka ce ya zauna a gida. Ya sa aka kawo masa takardun aji uku falo, ya ɗora ƙafa a kan filo, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan ta Auta. Ya danna, 4.54 ta fito. Ya buɗe biro yana murmushi. A ɗaki kuwa ana ta jan akwati daga ƙarƙashin gado, Auta na tambayar mahaifiyarta ko makarantar kwana na barin a je da sukundireba.

Maiɗakinsa ta fito da zanen gado a hannu, ta tsaya a kansa. "Sannu da ƙoƙari, Malam. Ka karya ƙafa, ka samo mata. Sai hutu kuma in mun gan ta."

Murmushin ya tsaya masa a fuska. Duk wannan gudun da ihun, bai taɓa sa wannan a lissafi ba. Yamma za ta yi, tela ya fito da benci, ba wanda zai ce masa Baba tashi mu je. Baƙin ciki ya taso masa. Ya goge kalkuleta ya sake dannawa a hankali, lamba bayan lamba, ya ƙirga nauyin da yatsa, ya sake ninkawa a gefen takarda da hannu. Tunda yake aiki bai taɓa duba lissafi yana addu'ar ya ga kuskure ba sai ranar.

"Baba, ka gama?" ta kira daga ɗaki. "Nawa ne?"

Ya rubuta, ya sa hannu, ya busa tawadar.

"Kin ci, Uwata," ya ce. "Ki sa rigar sanyi a akwatin."